An ce in mayar da Auta a ba ni wani

Anti, barka da ƙoƙari. Wata damuwa ce take hana ni barci, kuma duk wanda na faɗa wa sai ya ce ai kare ne kawai. Bara na ga tallan 'yan kwikwiyo a intanet, irin Pomeranian. Mai tallan ya ce teacup ne, wai ko ya girma ba zai wuce cikin tafin hannu biyu ba. 'Yata mai shekara 9 ta daɗe tana roƙona, ni ma hoton ya shiga raina. Mutumin ya ce gidansa da nisa, gara ya kawo mana. Muka haɗu a bakin hanya, ya miƙo mini shi daga mota a cikin kwali, tare da wata takarda mai sunayen iyayensa da kakanninsa. Ya ce satinsa 8, amma likitan dabbobi da ya duba shi ya ce da ƙyar in ya kai 6. A satin farko sau biyu yana langaɓewa kamar zai mutu, muna gudu da shi asibiti. Muka sa masa suna Auta.

Yanzu watansa 14. In yana gudu sai ya ɗage ƙafar baya ya yi tsalle uku ko huɗu, sannan ya sauke ta ya ci gaba kamar ba komai. Wani lokaci yana wani irin tari kamar kukan agwagwa, musamman in ya ja igiya. Fiƙoƙinsa biyu-biyu ne, bakin kuma yana wari. Likita ya ce ƙoƙon gwiwarsa ne yake gocewa, ƙafar dama mataki na 2, ta hagu na 3, kuma ta hagun sai an yi tiyata. Na kira wanda ya sayar mana, ya ce in dawo da shi ya ba ni wani sabo kyauta. Maigidana ya ce in karɓa, tunda kuɗin aikin ya fi abin da muka saye shi, kuma an cuce mu, gara mu fanshe. 'Yata ta ji muna maganar, tun daga ranar a ƙirjinta yake kwana. Ni kuma ina ganin duk laifina ne. Ga ƙanwata tana neman lambar mutumin, wai tana son kare irin Cavalier. Anti, in mayar da shi? Me zan ce wa ƙanwata?

Daga wata uwa mai damuwa

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da na tsaya shi ne yarinyar nan da take kwana da Auta a ƙirjinta don tsoron kada gari ya waye ta ga babu shi. Bari in ba ki amsa tun yanzu, bayani ya biyo baya. Kada ki mayar da Auta. Kada ki karɓi wani daga hannun mutumin nan ko da kyauta ne. Kada kuma ki ba ƙanwarki lambarsa.

Game da laifin da kike ɗora wa kanki, ki sassauta. Gaskiya ne kin yi cinikin biri a sama, kuma ba zan ce miki ba haka ba ne. Amma masu wannan sana'a sun ƙware. Sun san hoton da zai karya zuciyar uwa, sun san uzurin da za su kawo don kada a zo gidansu, sun san cewa da zarar an miƙa wa mutum ɗan abu mai ɗumi yana rawar jiki a cikin kwali, da wuya ya mayar. Ke ce kika yi gudu da shi asibiti sau biyu a satin farko, kuma da ba don haka ba da yanzu babu Auta.

Mu fara da gwiwar, don ita ce tushen rigimar gidanku. A ƙarshen ƙashin cinya akwai wani ɗan kwari da ƙoƙon gwiwa yake zamewa sama da ƙasa a cikinsa duk lokacin da aka lanƙwasa ƙafa. A ƙananan karnuka irin su Pomeranian, Chihuahua, Yorkshire terrier, Maltese da ƙaramin poodle, sau da yawa kwarin ba shi da zurfi, ko kuma ƙasusuwan ba su miƙe sosai ba, sai jijiya ta riƙa jan ƙoƙon zuwa gefe, galibi ta ciki. Idan ya goce ƙafar takan ƙage, shi ya sa kike ganin Auta ya ɗage ta yana tsalle. Da ya miƙe ta sai ƙoƙon ya koma mazauninsa, ya ci gaba da gudu. Gado ne mafi yawanci, kuma kusan rabin masu wannan matsala duka ƙafafun biyu take kamawa, kamar yadda ta yi masa.

Matakan da likita ya ambata guda 4 ne. A na 1, sai an tura ƙoƙon da yatsa yake fita, kuma da an sake shi yake komawa. A na 2 yana fita da kansa lokaci lokaci. A na 3 yawancin lokaci a waje yake, ana iya mayar da shi da hannu amma ba ya zama. A na 4 ya fita ke nan, ko da hannu ba ya komawa. Ƙafar dama ta Auta, mai mataki na 2, tana iya yin shekaru ba tare da wuƙa ta taɓa ta ba, matuƙar an kula da nauyinsa, an hana shi dirowa daga kujera da gado, an kuma shimfiɗa masa abin da ƙafa za ta kama a inda daɓen yake da santsi. Ta hagun ce abin dubawa. Duk fita da komawar da ƙoƙon yake yi yana cin guringuntsi ne a hankali, a ƙarshe amosanin gaɓa ya shigo, kuma jijiyar da take riƙe tsakiyar gwiwa tana iya tsinkewa. A tiyatar ana zurfafa kwarin, a gusar da wurin da jijiyar take kama ƙashin ƙwauri don ta ja ƙoƙon a miƙe, a gyara naman gefe. Bayan haka sai hutu na sati 6 zuwa 8 a ɗan keɓaɓɓen wuri, ba gudu ba tsalle. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna komawa tafiyarsu lafiya lau, kuma irin Auta kan kai shekara 12 zuwa 16 a duniya, don haka gyaran da za a yi yanzu zai daɗe yana cin moriyarsa.

Wani abu da zai kwantar miki da hankali: wannan aiki ba na gaggawa ba ne. Kina da lokacin da za ki kai shi wurin likita na biyu, zai fi kyau wanda ya saba aikin ƙashi. Ki tsaya kusa ki kalli yadda zai duba shi. Zai kwantar da shi a gefe, ya kama ƙafar da hannu ɗaya, ya ɗora babban yatsa a kan ƙoƙon, ya miƙe ƙafar ya ɗan juya ta. Ki roƙe shi ya ɗora yatsanki a wurin, za ki ji ɗan abu kamar ƙwallon wake yana tsallake gaɓa yana dawowa. Wanda ya ji wannan da yatsansa ya fi gane abin da ake magana a kai, shi ya sa nake so maigidanki ya raka ki. Ki tambayi likitan ko jinkirin wata uku ko shida zai cutar, sau nawa ya yi irin wannan aiki, me ake yi idan ƙoƙon ya sake gocewa, kuma ko za a iya biyan kuɗin kashi kashi.

Tarin kuma kada ki yanke masa hukunci tukuna. Akwai ciwon da zobban guringuntsin maƙogwaro suke laushi har bututun iskar ya lotsa, kuma sautinsa ke nan kamar yadda kika kwatanta. Yana yawa a irin Auta, sai dai ya fi bayyana a tsakiyar shekaru. A ɗan wata 14 yana iya zama abin wuya ne yake shaƙe shi, ko wani irin atishawa na jan iska ciki da ƙananan karnuka suke yi wanda ba shi da illa. Ki ɗauki bidiyonsa a waya yana yi ki nuna wa likita, don a gaban likita ba za su taɓa yi ba. Amma tun yau ki cire abin wuyan, ki sa masa ɗamara mai kama ƙirji da kafaɗu, a ɗaura igiyar ta baya. Ki nisanta shi da hayaƙi da turare mai ƙarfi. Idan kika ga harshensa ya yi shuɗi ko numfashi yana gagararsa, wannan kam babu jira.

Haƙoran sun fi sauƙi. Ɗan kwikwiyo yana da haƙora 28, ya yi famfara, manya 42 su fito kafin ya cika wata 7. Ƙaramin kare ma 42 ɗin ne, a muƙamuƙin da bai kai tsawon yatsanki ba, sai cunkoso. Fiƙoƙin yarinta sukan ƙi faɗuwa, su tsaya manne da sababbi, datti ya taru a tsakaninsu, dasashi ya kumbura, warin ke nan. Cirewa ake yi. Ki tambayi likita ko za a haɗa cirewar da fiɗiya a barcin tiyata ɗaya, don Auta bai kamata ya yi barbara ba, gwiwarsa za ta bi 'ya'yansa. Daga nan sai goge haƙora kullum da man da aka yi don karnuka, ban da na mutane.

Langaɓewar da ya yi a satin farko, mai yiwuwa sukarin jininsa ne ya faɗi. Ɗan kwikwiyo ƙanƙani ba shi da ajiya a jiki, in ya tsallake ci sau ɗaya ko biyu, ko sanyi ya kama shi, sai ya yi laushi, ya riƙa tangaɗi, har ya kai ga suma. Raba shi da uwarsa a sati 6 ya ƙara masa haɗarin. Sunan nan teacup kuma babu wata babbar ƙungiyar rajistar karnuka da ta san shi, kalmar talla ce. Ma'aunin ƙungiyar Amurka ya sa Pomeranian tsakanin kilo 1.4 da 3.2, wanda tuni ya yi ƙanƙanta idan aka tuna kakanninsa sun fi haka girma nesa, kafin Sarauniya Victoria ta Ingila ta so ƙanana a ƙarshen ƙarni na 19 jama'a su bi yayi. Don a samu wanda bai kai wannan ba, sai a haɗa mafi rauni da mafi rauni, ko kuma a sayar da jariri a ce ya girma. Tunda za a sa shi barci don tiyata, ki ce wa likita ya gwada hantarsa tukuna. Akwai wata matsalar haihuwa da jijiyar jini take kewaye hanta maimakon ta bi ta cikinta, tana sa kare ya tsumbure ya riƙa ruɗewa bayan ya ci, kuma gwajin jini yana nuna alamarta.

Yanzu ga tayin musanya. Ki tambayi kanki ina Auta zai je idan kika miƙa shi. Mutumin da bai yarda ki ga gidansa ba, ya kuma ƙara wa jariri sati biyu don ya sayar da wuri, ba zai biya masa tiyata ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya sake sayar da shi ga wata uwa kamarki ba tare da faɗin komai ba, ko ya ajiye shi yana barbara tunda ƙarami ne. Sabon da zai ba ki kuma daga ina ya fito? Wataƙila uwa ɗaya uba ɗaya da Auta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nan da shekara ɗaya kina iya samun kanki a gaban likitan nan da lissafin nan, ga kuma yarinya da ta koyi cewa idan abin da kake ƙauna ya yi ɗingishi musanya shi ake yi.

Maigidanki kuma kada ki ɗauke shi marar tausayi. Abu biyu ya faɗa kuma duka gaskiya ne: kuɗin da yawa, kuma an cuce ku. Namijin da yake lissafin gida, ya ga an yaudari iyalinsa, dole ransa ya so a fanshe. Inda lissafinsa ya kuskure shi ne ya ɗauka sabon kwikwiyon kyauta ne, alhali akwai rigakafi daga farko, da haɗarin faɗuwar sukari, da gwiwar da ba wanda ya san yadda za ta kasance. Ki zauna da shi lokacin da yarinyar ba ta kusa, da takardar likita a hannu. Ki ce masa kin yarda an cuce ku, kina kuma so a bi hakki, amma hakkin da za a bi kuɗi ne. Ku rubuta wa mutumin saƙo, ku haɗa da rahoton likita, ku ce ba ku son musanya, kuna so ya mayar da wani ɓangare na kuɗin don a yi magani. Ku adana hoton tallan da duk saƙonnin da kuka yi da shi, da bayanin likitan farko kan shekarun Auta. Ƙasashe da yawa suna da dokar kare mai saye da ta shafi dabbobi, ku bincika ta inda kuke, ku kuma kai ƙararsa ga shafin da ya yi tallan da hukumar kula da dabbobi. Zai yiwu ya toshe lambarku, ku shirya wa hakan. Ko ba ku samu komai ba, maigidanki zai ji an yi wani abu, kuma bar masa wannan ɓangaren ya riƙe.

'Yarki kuma a daina magana a bayan idonta tana tsintar rabi. Shekara 9 ta isa a gaya mata gaskiya: Auta yana da ciwon ƙafa da aka haife shi da shi, ana neman yadda za a gyara, kuma ba za a ba mutumin nan shi ba. Kada ki yi mata alkawarin da ba ki da iko a kai. Ki ba ta aiki, shi ne maganin fargabar yaro. Ita za ta riƙa sauke shi daga kujera da hannu, ita za ta auna masa abinci, ita za ta rubuta a littafi duk ranar da ya ɗage ƙafa. Littafin nan zai yi wa likita amfani na gaske. Kwana a gadonta kuwa a canza, a yi masa shimfiɗa a ƙasa kusa da ita, don dirowa daga gado da dare na daga cikin abin da yake ƙara ɓata gwiwar.

Idan kun yi duk lissafi kuka ga aikin ya fi ƙarfinku, wannan ba abin kunya ba ne. Asibitocin koyarwa na jami'o'in da ake karatun likitancin dabbobi sukan yi sauƙi, akwai kuma ƙungiyoyin agajin dabbobi a wurare da dama. Ana iya tarawa a hankali ana kula da shi da maganin ciwo da likita ya rubuta, ban da na mutane, don irin su ibuprofen suna kashe kare. In ma ta kai ga rabuwa, a nemi gidan da zai karɓe shi da sanin ciwonsa duka, inda 'yarki za ta riƙa jin labarinsa.

Sai ƙanwarki. Cavalier King Charles kare ne mai daɗin hali, na san abin da ya ja ta. Amma ta san abin da za ta ɗauka. Babu irin da ciwon bawul ɗin zuciya yake kamawa da wuri kamarsa: ƙofar da take tsakanin ɗakunan hagu na zuciya takan lalace ta riƙa yoyo, kusan rabinsu kan nuna alama a shekara 5, kuma ƙalilan ne suke kai 10 ba tare da ita ba. Akwai magani mai suna pimobendan da wani babban bincike na 2016 ya nuna yana jinkirta gazawar zuciya da kimanin wata 15, amma jinkiri ne kawai. Ga kuma ƙoƙon kai da ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, har ruwa ya taru a cikin laka. Za ka ga kare yana tafiya yana susar iska kusa da wuyansa, ko ya yi ƙara in an taɓa shi. Abin ya kai a watan Oktoba na 2023 Kotun Ƙolin Norway ta yanke cewa haɗa wannan iri barbara don su hayayyafa ya saɓa wa dokar jin daɗin dabbobi ta ƙasar. In ta ce to bari ta koma kan pug ko bulldog na Faransa, nan kuma numfashi ne: gajeren hanci, ƙofofin hanci a matse, ganɗa mai tsawo tana toshe hanya. Minsharin da mutane suke yi wa dariya wahalar shaƙar iska ce, kuma zafi yana iya kashe su. Dachshund kuma bayansa ne, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yakan fashe ya danne laka. Kowane iri da nasa, kuma aikin farko na mai saye shi ne ya san na irin da yake so kafin ya kalli hoto ko ɗaya.

Takardar da aka ba ki mai sunayen kakanni, ko da ta gaskiya ce, asali kawai take nunawa. Ba ta ce an duba gwiwar kowa ba. Wani lokaci ma ita ce take tona asiri, idan aka ga suna ɗaya ya fito ta wajen uwa da ta wajen uba. Haɗa wa da ƙanwa ko uba da 'ya yana ba da kusancin jini na kashi 25 cikin 100, kuma a nan ne cututtukan da suke ɓoye suke haɗuwa su bayyana. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ta daina rajistar irin wannan haɗi tun 2009, ba ta kuma rajistar haihuwa fiye da 4 daga karya ɗaya. Abin da ƙanwarki za ta nema shi ne sakamakon gwajin lafiyar iyaye, a rubuce, da sa hannun likita da kwanan wata da lambar ɗan guntun na'urar shaida da ake sa wa kare a ƙarƙashin fata, don ta tabbatar takardar ta wannan karyar ce. Ga Cavalier, ƙa'idar da masu kiwo na kirki suke bi ita ce kada a yi barbara sai iyaye sun kai shekara biyu da rabi da zuciya lafiya, su ma nasu iyayen sun kai 5 lafiya, kuma likitan zuciya ne ya saurara, tare da hoton MRI na kai da wuya. Ga irin Auta, gwiwa da ido da zuciya. Ga ƙaramin poodle akwai gwajin ƙwayar gado na wata makanta mai zuwa a hankali: in duka iyayen suna ɗauke da ita, kowane ɗa yana da haɗarin 1 cikin 4, in kuma ɗaya ba ya ɗauke da ita, babu wanda zai makance. A Amurka gidauniyar OFA, wadda aka kafa a 1966, tana da rumbun sakamako a intanet da kowa zai iya dubawa da sunan kare. A Birtaniya kuma tun 2019 akwai tsarin auna numfashin masu gajeren hanci daga 0 zuwa 3, wanda aka yi da Jami'ar Cambridge. Mai kiwon da ya ce "ai likitana ya duba su, lafiyarsu ƙalau" ba tare da takarda ba, bai ce komai ba.

Amma abin da ya fi kowace takarda shi ne ta je gidan da ƙafarta ta ga uwar tare da 'ya'yanta. Gani ya kori ji. Na taɓa raka wata ƙawata irin wannan ziyara, kuma abin da ban manta ba shi ne matar gidan ba ta fito da 'yan kwikwiyon ba sai da ta sa muka cire takalma muka wanke hannu, ta zaunar da mu ta yi wa ƙawata tambayoyi har ta fara jin haushi. Wa yake gida da rana? Yara nawa, shekarunsu nawa? Akwai bene? Sai ga uwar ta shigo, nonuwanta a sake, gashinta ya ɗan zube kamar yadda mai shayarwa take yi, ta shinshina mu, ta kwanta, 'ya'yan suka hau ta. Matar ta ɗauko fayil, ta nuna mana har sakamakon da bai yi mata daɗi ba, ta ce wannan ta daina haihuwa da ita saboda shi. Ƙawata ta jira wata biyar kafin ta samu nata. Idan aka ce uwar ta fita yawo, ko tana wurin likita, ko aka fito da wata karya tsaf tsaf da ba ta ko kallon 'ya'yan, ƙanwarki ta tashi ta tafi. Haka idan mutum yana da iri huɗu ko biyar a lokaci guda, ko kullum akwai na sayarwa, ko yana cewa wani na zuwa anjima ta yi sauri ta ba da kafin alkalami, ko yana tallan launin da ba a saba gani ba. A Ingila, tun 6 ga Afrilu 2020, doka ta hana dillalai da kantuna sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai a saya kai tsaye daga wanda aka haife shi a hannunsa ko a ɗauko daga gidan ceto. Ana kiranta Dokar Lucy, da sunan wata Cavalier da aka ceto daga wani wuri a Wales inda ake tara karnuka suna ta haihuwa don a sayar da 'ya'yan.

Zan gargaɗe ta da abu ɗaya mai wuya. Idan ta je ta tarar da wuri mai ƙazanta, tausayi zai ce ta saya don ta ceci ɗaya. Kuɗin da ta bayar shi ne zai sa a sake ɗirka wa uwar ciki. Ta fita ta kai rahoto.

Mai kiwo na kirki ba ya sakin ɗa kafin sati 8, kuma a ƙananan iri da yawa sukan riƙe har 10 ko 12. Zai ba da katin rigakafi da na maganin tsutsa mai hatimin likita, da yarjejeniya a rubuce wadda ta ce in ta gagara a kowane lokaci a dawo masa da karen ya nema masa gida. Duk da haka ba zai yi mata alkawarin cewa ba abin da zai faru ba, don gwaji rage haɗari yake yi, wanda ya yi rantsuwa a kan haka ta yi shakkarsa. In kuma ba dole sai jariri ba, ta duba babban kare daga gidan ceto. Ɗan shekara biyu ko uku ya riga ya nuna girmansa da halinsa, likita kuma yana iya duba gwiwarsa ya saurari zuciyarsa kafin ta ɗauka. Haɗin iri biyu ma ba kariya ba ce in duka iyayen suna da ciwo ɗaya, su ma a tambayi takardunsu.

Ki kira ƙanwarki ta zo ta ga Auta yana gudu a tsakar gida, ta ga yadda yake ɗage ƙafar, sannan ki ba ta labarin kwalin da motar kamar yadda kika ba ni. Ke kuma a wannan satin ki sayi ɗamarar ƙirjin, ki ɗauki bidiyon tarin, ki nemi ranar ganin likita na biyu wadda maigidanki zai samu zuwa. In kun dawo ki rubuto mini matakin da ya ce ƙafar hagun take da abin da gwajin hantar ya nuna, mu duba tare ko a yi aikin bana ko a ɗan jira. Ki gaishe mini da 'yarki, ki ce mata ta fara littafin nan yau.